John Cade: Likitan da Ya Samo Maganin Taɓin Hankali a Cikin Gishiri

A filinmu na tarihin fitattun mutane na wannan fitowa mun tsallaka teku zuwa ƙasar Ostireliya, domin mu kawo muku rayuwar wani likita mai suna John Cade, wanda ya rasu tun shekarar 1980.

Darasin kemistiri ne ya kai mu gare shi. Duk wanda ya shiga ajin kimiyya ya haddace rukuni na farko na jadawalin sinadarai: litiyam, sodiyam, fotasiyam, har zuwa ƙasa. Ƙarafa ne masu laushi da wuƙa ke yankawa, ba sa jituwa da ruwa, shi ya sa ake ajiye sodiyam a cikin kananzir. Da yawanmu mun ɗauka amfaninsu ya tsaya ga cin jarrabawa, alhali kullum muna tare da su. Sodiyam yana cikin gishirin miya da kanwa. Fotasiyam yana cikin ruwan toka, kuma shi ne harafin K da ke jikin buhun takin NPK da iyayenmu ke zuba wa masara. Litiyam kuwa yana cikin batirin waya. Abin da ba mu sani ba shi ne, biyu daga cikinsu da su ƙwaƙwalwarmu take aika saƙo, na ukun kuma ya fitar da dubban mutane daga ɗakunan da ake kulle masu taɓin hankali. John Cade ne ya buɗe wannan ƙofa.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi John Frederick Joseph Cade ranar 18 ga Janairu, 1912, a yankin Wimmera na jihar Victoria, yankin manoman alkama. Mahaifinsa, David Cade, likita ne. Ya tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya yana yi wa sojoji magani, ya dawo a gajiye, zuciyarsa ba daɗi saboda abin da ya gani. Sai ya bar aikin likitan gari ya koma aikin gwamnati a asibitocin masu taɓin hankali, har ya shugabanci na Sunbury da Beechworth da Mont Park.

A zamanin, shugaban asibiti a cikin harabar asibitin yake zama da iyalinsa. Saboda haka John ya tashi yana ganin majinyata safe da yamma, wasu suna aikin lambu, wasu suna zaune shiru. Mutanen da yaran gari ke gudu, shi a wajensa maƙwabta ne. Wannan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi sakandare a Scotch College da ke Melbourne, ya wuce Jami'ar Melbourne, ya fito likita a 1934. Yana cikin aikin koyon ƙwarewa ciwon huhu mai tsanani ya kwantar da shi, a lokacin da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na yau ba su samu ba. Ɗaya daga cikin ma'aikatan jinyar da suka kula da shi, Jean Charles, ita ya aura a 1937. Da ya warke sai ya bi sawun mahaifinsa, ya shiga aikin kula da masu taɓin hankali.

Fursunan yaƙi

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, Cade ya shiga soja a 1940 a matsayin likita, aka tura shi Singafo. Ranar 15 ga Fabrairu, 1942, birnin ya faɗa hannun sojojin Japan, aka kama shi tare da dubban sojoji aka tsare su a sansanin Changi. Ya yi shekara uku da rabi a can. Abinci bai wuce 'yar shinkafa ba, cututtukan rashin abinci mai gina jiki sun yi yawa, magani kuma babu.

Mu 'yan wannan yanki ba sai an yi mana dogon bayani a kan tsarewa ba. Ba mu manta da watan Disamba na 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma a ƙauyukan Faskari da Sabuwa akwai gidaje da yawa da suka san zaman jiran wanda aka tafi da shi daji. Cade ya ɗanɗani irin wannan, amma bai daina lura ba. Ya ga yadda yunwa da cutar jiki ke sauya halin mutum mai hankali har ya riƙa sambatu. Daga nan ya fara zargin cewa wasu cututtukan hankali tushensu wani sinadari ne a cikin jiki. Da wannan tunani ya koma gida a 1945, a rame ƙwarai.

Kwalaben fitsari da ɓerayen Masar

A 1946 ya kama aiki a asibitin tsofaffin sojoji masu taɓin hankali da ke Bundoora, a gefen Melbourne. Ciwon da ya fi damunsa shi ne wanda likitoci a yau ke kira baifola, wato ciwon hawa da saukar hali. Idan ya taso, mai shi ba ya barci, magana ba tsayawa, ya rabar da dukiyarsa, ya ji babu wanda ya fi shi, wani lokaci har da faɗa. Bayan makonni ko watanni sai ya faɗa cikin baƙin ciki mai nauyi, ko tashi daga shimfiɗa ya gagare shi. A wancan lokaci abin da ake yi bai wuce kullewa, da magungunan sa barci, da jona wa kai lantarki, wani lokaci da tiyatar ƙwaƙwalwa ba.

Cade ya yi lissafi kamar haka. Akwai wata halitta a maƙogwaro, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo. Idan ta yi aiki fiye da kima mutum ya kasa zama wuri ɗaya, idan ta gaza kuma ya yi sanyi. To, wataƙila zaburar hankali ma wani sinadari ne ya yi yawa a jini, kuma idan haka ne, zai fito a fitsari.

Ba shi da ɗakin gwaji. Wani tsohon ɗakin girki da aka daina amfani da shi a asibitin ya share. Ya riƙa tara fitsarin majinyata da na masu lafiya, har yana ajiye kwalaben a firjin gidansa, yana yi wa ɓerayen Masar allurarsa a ciki. Ya ga kamar fitsarin masu zaburar hankali ya fi saurin kashe su. Ya binciki abin da ke kisan, ya tarar yuriya ce, sinadarin nan da muka sani a buhun farin taki. Amma yawanta a fitsarin marasa lafiya bai fi na masu lafiya ba. Sai ya zargi wani sinadarin fitsari, asid ɗin yurik, da ƙara mata ƙarfi.

A nan ya ci karo da matsala: asid ɗin yurik ba ya narkewa sosai a ruwa, ba a iya allurarsa. Gishirinsa da ya fi narkewa shi ne wanda aka haɗa da litiyam. Don haka kawai ya ɗauko litiyam, ba don yana tsammanin wani abu daga gare shi ba. Da ya yi allurar, maimakon gubar ta ƙaru sai ta ragu. Ya sake gwadawa da gishirin litiyam zalla. Bayan kamar awa biyu, ɓerayen Masar, waɗanda aka sani da tsoro da zillo, suka yi laƙwas. Yana iya kwantar da su rigingine su tsaya a haka suna kallonsa, bayan wani lokaci su farfaɗo.

Majinyaci na farko

Litiyam ba baƙo ba ne ga likitoci. Wani ɗan Suwidin, Johan August Arfwedson, ya gano shi a cikin dutse a 1817, sunansa ma daga kalmar Girkanci ta dutse aka samo shi. A ƙarni na 19 an yi ta ba da shi don ciwon gaɓoɓi, wasu likitoci a Amurka da Denmak sun taɓa gwada shi ga masu ciwon hankali, amma aka manta. Duk da haka Cade bai yarda ya ba kowa ba sai da ya fara sha da kansa na wani lokaci, ya ga bai cutar da shi ba.

Ranar 29 ga Maris, 1948, ya fara ba wani majinyaci da ya rubuta sunansa da haruffa biyu, W.B. Tsohon soja ne da ya haura shekara hamsin, ya yi shekara biyar a zabure, ba ya hutawa, ba ya tsafta, yana ɓarna, ma'aikata suna ganin a ɗakin zai mutu. Cikin mako uku ya natsu har aka mai da shi ɗakin masu murmurewa. A watan Yuli aka sallame shi, ya koma tsohon aikinsa.

Bayan wata shida aka dawo da shi a zabure kamar da. Ya ga ya warke, ya daina shan maganin. Cade ya bayyana daga baya cewa wannan na cikin mafi ɗacin abin da ya gani a rayuwarsa. Aka mai da shi kan magani, ya sake natsuwa.

Ranar 3 ga Satumba, 1949, mujallar likitocin Ostireliya ta buga rahotonsa. Ya ba mutum goma masu zaburar hankali, duk suka sami sauƙi. Ya ba mutum shida masu wani ciwon daban, mai sa jin muryoyi da ruɗewar tunani: hayaniyarsu ta ragu amma ciwon bai tafi ba. Ya ba mutum uku masu tsananin baƙin ciki, bai ga canji ba. Duka ya rubuta, inda ya yi aiki da inda bai yi ba.

Me gishiri ke yi a ƙwaƙwalwa?

Cade bai san dalilin da maganin ke aiki ba, domin a 1948 ba a gama gano yadda jijiya ke aika saƙo ba. Ga abin da aka sani yanzu, a taƙaice.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Kowace ɗaya tana cikin ruwa mai gishiri. A wajenta sodiyam ya fi yawa, a cikinta fotasiyam ya fi yawa. Akwai wani ɗan famfo a jikin fatarta da ba ya hutawa: ya fitar da sodiyam uku, ya shigo da fotasiyam biyu. Jens Skou na Denmak ne ya gano famfon a 1957. Aikinsa kamar cajin batir ne. Idan saƙo ya zo, ƙofofi su buɗe, sodiyam ya kwararo ciki, sannan fotasiyam ya fita, wannan motsi ya bi tsawon jijiyar da gudun da kan kai mita 100 a daƙiƙa ɗaya. Alan Hodgkin da Andrew Huxley na Ingila suka bayyana haka a 1952, aka ba su kyautar Nobel a 1963.

Jijiya ba ta manne da 'yar'uwarta, akwai ɗan rata tsakaninsu. Idan saƙon ya kai ƙarshe, kalsiyam ya shiga, jijiyar ta saki wasu sinadarai 'yan aike su tsallaka ratar. Wasu masu zuga ne, kamar gulutamet. Wasu masu lallashi ne, kamar GABA. Dofamin yana da hannu a kuzari da jin daɗi, serotonin kuma a natsuwa da barci. Bayan sun isar da saƙo dole a kwashe su, kuma ƙarfin kwararar sodiyam ne ke jan da yawansu su koma ciki. Ke nan gishirin miyar da muka ci jiya yana cikin aikin karanta wannan allo da muke yi yanzu. Shi ya sa yaron da gudawa ta zubar wa ruwa da gishirin jiki yake galabaita, wani har ya sume, kuma shi ya sa ƙunshin ORS ke ɗauke da sodiyam da fotasiyam.

Litiyam ƙanen sodiyam ne a jadawali, lambarsa 3, ta sodiyam 11, cajinsu iri ɗaya. Saboda kamar da suke yi, yana bin ƙofar sodiyam ya shiga jijiya, amma famfon ba ya iya fitar da shi da sauri. A ciki yana rage saurin wasu sinadarai masu ƙara wa saƙo ƙarfi, musamman guda biyu da masana suka fi bincika, ɗayansu ana kiransa GSK-3. Bincike ya nuna yana sassauta zugar dofamin da gulutamet, yana ƙarfafa lallashin GABA da aikin serotonin. Kamar mai rage ƙarar rediyo ne ba tare da ya kashe ta ba. Har yau masana suna muhawara a kan wace hanya ce ta fi muhimmanci a cikin waɗannan.

Akwai abin mamaki a nan. Masana da yawa yanzu suna ganin ɓerayen Masar ɗin nan ba natsuwa suka yi ba, gubar litiyam ce ta galabaita su. Tunanin fitsarin ma bai tabbata ba. Cade ya bi hanyar da ba daidai ba ya iso inda yake daidai, kuma abin da ya cece shi shi ne idon lura da rubuta gaskiyar abin da ya gani.

Maganin da ya zama guba

Labarin W.B. bai ƙare da daɗi ba. A watan Mayu na 1950 ya rasu, kuma gubar litiyam ce ta kashe shi. Wasu majinyatan ma sun mutu a wasu asibitocin. Shekara ɗaya kafin nan, a Amurka, an sayar da gishirin litiyam a matsayin madadin gishirin miya ga masu ciwon zuciya, wasu suka mutu, aka hana sayar da shi. Abin ya girgiza Cade ƙwarai, har ya ja baya daga amfani da maganin na tsawon lokaci.

Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin awon da ke warkarwa da wanda ke kisa ƙanƙanuwa ce. Ƙoda tana ɗaukar litiyam kamar sodiyam. Idan jiki ya rasa ruwa ko gishiri, ta hanyar gumi ko amai ko gudawa, ƙoda ta riƙe sodiyam, ta riƙe litiyam tare da shi, sai ya taru a jini. Daga nan sai karkarwa, da tangaɗi, da ruɗewa.

Wasu ne suka ceto aikin. A Jami'ar Melbourne, Edward Trautner da abokan aikinsa suka yi amfani da na'urar da ke auna sinadari ta launin harshen wuta. Mun san wannan a aji: sodiyam yana ba da ruwan ɗorawa, litiyam yana ba da ja. Da ita aka iya sanin yawan litiyam a jinin majinyaci. A Denmak kuma Mogens Schou ya yi gwaji mai tsari a 1954, inda wani lokaci ake ba da maganin gaske, wani lokaci na bogi, ba tare da majinyaci ko mai duba shi ya sani ba. Sakamakon ya gaskata Cade. Daga baya Schou ya nuna maganin yana hana ciwon dawowa. A yau likitoci suna riƙe awonsa a jini tsakanin kimanin 0.6 da 1.2 na ma'auninsu, idan ya haura 1.5 an shiga haɗari.

Duk da haka sai a 1970 Amurka ta amince da shi. Ɗaya daga cikin dalilan jinkirin shi ne gishiri ne na ƙasa mai araha, babu kamfanin da zai mallake shi ya ci riba.

Ƙarshen rayuwarsa

A 1952 aka naɗa Cade shugaban asibitin Royal Park a Melbourne, ya riƙe shi shekara 25. Ya yi ƙoƙarin mai da shi wurin jinya maimakon wurin tsarewa, ya koyar da ɗaliban likitanci masu yawa. Ya shugabanci ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ostireliya da New Zealand daga 1969 zuwa 1970. A 1974 aka ba shi kyautar Kittay tare da Schou, a 1976 ƙasarsa ta ba shi lambar girma. Waɗanda suka san shi sun shaide shi da rashin son nuna kai. Ya yi ritaya a 1977, ya rasu ranar 16 ga Nuwamba, 1980, da ciwon dajin maƙoshi, yana da shekara 68. Ya bar matarsa da 'ya'ya maza huɗu. Litiyam yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma yana cikin 'yan magungunan da aka tabbatar suna rage yawan masu kashe kansu.

Abin da ya shafe mu

Babu wanda ya taɓa zuwa kasuwar Ƙanƙara ko ta Sheme bai ga mutum cikin tsumma yana magana shi kaɗai ba. Mu faɗi gaskiya, a cikinmu akwai waɗanda suka taɓa bin irinsa da ihu ko jifa a hanyar makaranta. A wasu gidajen kuma akwai wanda aka sa wa mari a ɗaki, ba don ƙiyayya ba, don iyalin ba su san inda za su kai shi ba. W.B. ma haka aka ɗauke shi shekara biyar, sai ga shi ya sa kaya masu tsafta ya tafi aiki. Ciwon hankali ciwo ne kamar hawan jini da ciwon suga, kuma neman magani ba ya hana addu'a.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma daga babban asibiti mafi kusa ake fara neman a tura mutum. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi haƙƙoƙin majinyata.

Sai gargaɗi. Litiyam ba maganin kowane taɓin hankali ba ne. Ba shi ake ba wanda ya dawo daga hannun 'yan bindiga yana firgita cikin barci ba, wannan yana da tasa kulawar. Ba a sayensa a kemis a sha da ka, sai da likita da gwajin jini a kai a kai, balle a garinmu da zafin bazara ke tsotse ruwan jiki. Wanda aka ɗora a kai kada ya daina don ya ji sauƙi. Abin da ke cikin batir kuma guba ne, kanwa da toka ba sa maganin wannan ciwo.

Ga 'yan ajin kimiyya: wanda ya fara kawo wa ƙungiyarmu sunayen ƙarafa shida na rukuni na farko a jere, da launin wutar ukun farko, za mu liƙa sunansa a wannan allo. Muna roƙon malamanmu na kemistiri da bayoloji su gyara mana inda muka yi kuskure.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya dawo mana da zaman lafiya a Mabai da kewaye. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta